Ƙofar motata ta daina tsayawa inda na bar ta, a cire ƙarfen ko a gyara?

Abban Yara:
Assalamu alaikum ƴan gida, barkanmu da warhaka. Don Allah masana mota a taimaka min da shawara. Ƙofar direba ce ta motata, motar ƴar Kwatano ce ba sabuwa ba, kwanakin baya ta fara wata ƙara ƙwas ƙwas duk sanda na buɗe ko na rufe har na gefe sai ya waiwayo, to yanzu abin ya wuce ƙara, in na buɗe bata tsayawa inda na bar ta, ko ta dawo ta buge min ƙafa ko ta tafi can gaba sai na yi sauri na riƙo ta. Na nuna ma wani yaro a garejin unguwarmu yace wai wani ƙarfe ne tsakanin ƙofa da bodi ya mutu, in bari ya cire shi kawai in huta tunda ba wani aiki yake ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba, shi yasa nace bari in ji daga gare ku tukuna.

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam. Yallabai gaskiya yaron nan ya faɗa maka, mu a tasha rabin motocinmu babu shi kuma kullum muna kan titi. Ni da kaina na sa aka cire na ƙofar baya saboda lodi, in fasinja ya zo da buhu ko kwali ƙofar bata buɗuwa sosai sai ana fama. Tsohon bel na yanka na ɗaure daga ƙofa zuwa bodi shikenan magana ta ƙare. Kuɗin da zaka kashe ka zuba mai.

Oga Fanel Bita:
Haba Ɗan Tasha, kar ka sa bawan Allah ya yi asarar ƙofa. Abban Yara kar ka yarda a cire a bar wurin haka. Wannan ƙarfen ceka muke ce masa, buɗe ƙofarka ka leƙa tsakanin hinjis na sama da na ƙasa zaka ga wani ɗan hannu baƙi ya fito daga cikin ƙofa an ɗaure kansa da bol ɗaya a jikin filar mota, wato ginshiƙin bodi na gefen ƙofa. Sauran jikinsa yana cikin ƙofa, ya ratsa ta wani ɗan akwati da aka ɗaure da noti biyu. A cikin akwatin akwai abu biyu da suka matse hannun sama da ƙasa, wani kamfanin rola yake sawa da sifirin, wani kuma roba mai tauri da filastik. Shi hannun ba a miƙe yake sumul ba, yana da tudu da kwari, duk inda rolar ta faɗa kwari nan ƙofa take tsayawa, shi yasa kake jin mota mai lafiya tana tsayawa wuri biyu ko uku kafin ta kai ƙarshe. Can ƙarshen hannun kuma akwai kai mai faɗi da roba, shi ne yake cewa iyakarki nan. In ka cire shi me zai tare ƙofar? Sai hinjis da fenda. Ni nake gyaran abin da yake biyo baya, bakin ƙofa ya daki fenda ya lanƙwasa ta, fenti ya tashi, daga nan duk buɗewa sai sun goga juna.

Ɗan Tasha:
Oga ai nace na sa bel, ba haka na bar ta ba.

Injiniya:
Bel ɗin Ɗan Tasha ba shirme bane gaba ɗaya, a ba shi haƙƙinsa. Akwai motocin da daga kamfani da madauri suke zuwa, tsofaffin Jeep Wrangler haka suke saboda an yi ƙofofinsu ne yadda mutum zai iya cire su. Sai dai ceka aiki biyu yake, yana hana ƙofa wuce iyaka kuma yana riƙe ta a tsakiya. Bel na farkon kawai zai maka. Ba zai hana ta dawowa kan ƙafar mai fita ba, kuma ita wannan dawowar ita ce take jikkata yara da tsofaffi, yaro ya sa hannu a jikin fila yana saukowa ƙofa ta biyo shi. Ku lura da kyau, in ka yi fakin hancin mota yana kallon sama a kan tudu nauyin ƙofar rufe ta yake so ya yi, in hancin yana kallon gangare kuma fizge ta yake ta buɗe. A duka biyun cekan ne yake riƙe da ita.

Sannan abin da mutane basa lissafawa shi ne ƙarfin da yake sauka a wurin. Ƙofar gaba tsawonta ya kai wajen mita 1, shi kuwa cekan ƴan santimita ne tsakaninsa da layin hinjis, kenan duk ƙarfin da aka tura bakin ƙofa da shi sai ya ninku sau goma ko fiye kafin ya iso kan waɗannan notin biyu. Shi yasa banka ƙofa da ƙafa ko yara su riƙa lilo a jikinta yake kashe shi da wuri.

Oga Fanel Bita:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Kuma ƙarar nan ta Abban Yara ita ta fi damuna fiye da rashin tsayawar. Rashin tsayawa cikin akwatin ne ya cinye, a canza ceka an gama. Amma ƙwas mai ƙarfi iri uku ne. Ko bol ɗin fila ya saki yana wasa, wannan minti biyu ne a ɗaure. Ko cekan ya bushe ya ƙage yana tsallake tudun da ƙarfi. Ko kuma, wanda bana so, ƙarfen ƙofar da aka ɗaure akwatin a kai ya fara tsagewa. Wurin ba kauri gare shi ba, in ya fara yagewa kamar gwangwanin madara yake tafiya. Ka sa wani ya riƙa buɗewa yana rufewa a hankali kai kuma ka haska tocin waya a kan notin nan biyu, in ka ga ƙarfen kewayensu yana shiga yana fita ko ka ga layin tsatsa siriri a fentin, to ya tsage.

Abban Yara:
Na gode ƙwarai Oga. Yanzu na fita na duba da toci, bol ɗin fila a ɗaure yake, amma wlh kamar yadda ka faɗa wurin notin yana motsi, kuma akwai ɗan layi a fentin daga notin sama ya yi ƙasa kaɗan. Kenan sai an canza ƙofar gaba ɗaya?

Oga Fanel Bita:
A'a bai kai nan ba tunda ka kama shi da wuri. Za a cire domat, wato murfin ƙofa na ciki, a fito da cekan, a buga wurin ya koma daidai, a yi walda a tsagar sannan a sa wani faranti mai kauri ta ciki ya raba nauyin. Abin da zan roƙe ka, kar ka kai wa mai waldar ƙofar gida da tagogi, wutarsa ta yi yawa huda wurin zai yi. Ka nemi mai aikin bodin mota. A ɗaga gilashi sama a kare shi daga tartsatsi, a janye wayoyi, a cire kan batir. In an gama a shafa fenti ko da na hana tsatsa ne, in ba haka ba damina ɗaya zata cinye wurin. Kafin nan ka riƙa buɗe ta da hannu biyu kar ka bari ta kai ƙarshe.

Injiniya:
Wannan tsagewar ba baƙon abu bane a duniyar motoci. Toyota Sienna na 2004 zuwa 2007 an san su da shi a ƙofar gaba, ɗigon waldar da ya riƙe farantin cekan ne yake saki har sai da kamfanin ya tsawaita garanti a kan matsalar a Amurka. Tsofaffin Marsandi irin su 190 da wadda muke ce ma Bi-but suma duk wanda ya riƙe su ya san ƙarar cekansu in ya bushe. Duk mai irin waɗannan ya riƙa leƙawa tun kafin ya ji ƙara.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Ta ɓangaren kaya kuma bari in sa baki tunda sana'ata ce. Ceka ba abu ne mai wahalar samu ba, nan Ƙofar Ruwa akwai, Panteka a Kaduna akwai, ƴan Abuja su je Apo, in mota ce mai wuyar kaya a aiko daga Ladipo. Amma Alhaji ka zo da tsohon a hannu, kar ka zo da baki kawai. Na gaba daban na baya daban, a wasu motocin na dama da na hagu ma ba ɗaya bane, kuma tsawon hannun shi ne yake yanke iya inda ƙofa zata kai. In aka sa maka wanda ya fi naka tsawo don notin ya hau, ƙofarka zata wuce inda kamfani ya tsara ta je ta sami fenda, in gajere ne kuma ka riƙa fita a karkace. In na Beljiyam zaka ɗauka ka gwada jan hannun da hannunka, mai lafiya da ƙyar zaka motsa shi, in ya zare salin alin ka ajiye musu kayansu ya gama aiki a Turai.

Ɗan Tasha:
To sabo ɗan Chana fa? Naga ya fi araha nesa ba kusa ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Akwai shi kuma ina sayarwa, amma bana ɓoye ma mai saye, hawa hawa ne. Wani yana yi, wani filastik ɗin cikinsa baya jure zafinmu sai ka ga ya saki da wuri, wani kuma tauri ne da shi fiye da kima har sai ka sa ƙarfi kafin ƙofa ta rufu, irin wannan shi yake ƙara yaga ƙofar da aka yi wa walda. Araha bata ado. Ni a ƙofar direba da ake buɗewa kullum na fi son mutum ya sa na asali ko da na hannu ne, ƙofar baya da ba a cika taɓawa ba sai a lallaɓa da ɗan Chanan.

Baba Direba:
Ƴaƴana duk kun yi magana mai kyau amma ba wanda ya taɓo asalin abin, rashin mai. Mu da muka tuƙa fijo 504 da 505 zamanin ana haɗa su a Kaduna, ranar sabis har hinjis da wannan ƙarfen sai an bi an shafa musu mai. Yanzu yaro zai juye baƙin mai ya canza filta ya ce an gama sabis. Ni har gobe in an juye baƙin mai nakan ɗiba kaɗan in ɗiga a wurin.

Oga Fanel Bita:
Baba Allah ya ƙara girma, maganar shafa mai gaskiya ce amma a yi min afuwa a kan baƙin mai. Na da ƙarfe ne zalla, na yanzu yawanci hannun an lulluɓe shi da filastik kuma akwai roba a ciki, baƙin mai yana kumbura roba, ga shi ruwa ne yana zuba ya bar wurin, ga ƙurar hunturu tana manne masa ta zama yashi mai cin wurin. Farin giris ake so, ko na silikon. A fara goge tsohon datti da tsumma, a shafa kaɗan sama da ƙasan hannun, a buɗe a rufe sau da yawa ya shiga ciki, a goge ragowar. Shi kuma feshin nan na kwance tsatsa wanki yake, in ka fesa ƙara zata ɗauke ka ji daɗi amma baya daɗewa, sai an bi shi da giris.

Baba Direba:
To madalla, zamani ya canza kaya. Zan nemi farin.

Rewaya:
Ni ta wajen waya zan yi magana don Ɗan Tasha ya ji. Wannan robar mai lanƙwasa da take tsakanin ƙofa da bodi wayoyi ne cike a cikinta, na gilashi, na sentiral lok, na sifika, na madubi. An auna tsawonsu ne daidai iya buɗewar ƙofa. Duk ƙofar da take wuce iyaka jan su take, a hankali jan ƙarfen ciki ya karye fatar waje kuma lafiya lau, sai mutum ya zo yace gilashi yana aiki in ƙofa a buɗe take in an rufe ya ƙi, a canza masa suwic a canza moto duk a banza. Da yawa in na zare robar nan a nan nake samun matsalar, in na duba kuma sai in ga ba ceka a ƙofar. Sannan masu buɗe domat da kansu, in kun ga soket ko waya mai launin rawaya ku bar ta, ta eyabag ce, jakar iskar nan da take tare mutum in an yi haɗari. Ledar nan da take manne a bayan domat kuma a mayar da ita yadda take, ita take hana ruwa shiga.

Ɗan Tasha:
Toh gilashin bayan nan nawa dama ya daɗe baya sauka, zan kawo maka ka duba. Amma maganar lodi fa har yanzu tana nan, da cekan buhu baya shiga.

Oga Fanel Bita:
Buhu ta but ake sa shi ɗan uwa. In dole sai ta ƙofa, kwance bol ɗin fila guda ɗaya ne, ka sa yaron mota ya riƙe ƙofar a yi lodi a mayar. Manyan motocin kaya irin Sprinter da Transit haka aka yi ƙofofin bayansu, suna tsayawa a digiri 90, in kana son su buɗe gaba ɗaya akwai inda zaka saki ƙarfen da hannu, in ka rufe ya koma wurinsa. Su ma basu bar ƙofa sakaka ba.

Maman Biyu:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta bin bayanan. Ni tawa matsalar akasin ta Abban Yara ce. Mahaifiyata tana fama da gwiwa, duk ranar asibiti shigar da ita mota aiki ne, ƙofar baya bata buɗuwa yadda zan tsaya in tallafe ta, ni a matse ita a matse har tana cewa a bar ta a gida. Babu yadda za a yi a ƙara ma ƙofar buɗewa ko kaɗan ne?

Injiniya:
Allah ya ba Mama lafiya Hajiya. Ban ba ki shawarar a taɓa cekan ba, yawancin ƙananan motoci ƙofarsu bata kai digiri 90 ba kuma tazarar da ta rage kafin ta taɓa bodi kaɗan ce, abin da za a samu bai kai haɗarin ba. Ki gwada sa ta a gaba, a tura kujerar gaban ta yi baya har ƙarshe a ɗan kwantar da ita, ta juya baya ta fara zama tukuna sannan a ɗaga ƙafafun a shigar ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar gaba ta fi faɗi kuma ba tudun taya a wurin. Akwai kuma wani ɗan mariƙi da ake sayarwa na masu lalura, ana soka shi a ƙarfen nan mai kama da U da ƙofa take kamawa a jikin fila, sai ta dafa shi ta miƙe. Kar ta riƙa dafa ƙofar kanta, tana iya tafiya da ita, kuma nauyin yana sa hinjis su sauka. In Allah ya hore canjin mota ki duba wannan tun a wurin saye, Honda CR-V na baya bayan nan ƙofar bayansu tana kusan kai 90, masu ƙofar ja irin Sienna kuwa sun fi duka sauƙi ga tsoho.

Maman Biyu:
Amin na gode sosai, wlh ban taɓa kawo gaban a raina ba saboda ita ta saba baya take zama. Zan lallashe ta.

Na Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Mu nan abin da yake kashe muna wannan ƙarfen iska ce, in hadari ya taso farkon damina ko iskar hunturu a fili ba gini ba itace. Na ga ƙofa da iska ta fizge daga hannun mutum ta kai ta har ta karya cekan ta naɗe fenda, ƙofar bata sake rufuwa ba sai da igiya aka kai ta gareji. In iska ta fito ta bayan mota ita ce mugunya don cikin ƙofar take shiga ta tura. In da hali ka juya hancin mota ya fuskanci iska, kuma kar a buɗe ƙofa biyu lokaci guda, mutum ɗaya ya fita ya rufe sannan na biyu.

Baba Direba:
Haka ne. Kuma tsayawar farko da ƙofa take yi, wadda bata wuce a ce mutum ya leƙa ba, ku riƙa amfani da ita a bakin titi. Ka buɗe zuwa nan ka tsaya ka waiga, ɗan acaba ko adaidaita sahu ba ya jin kira in ya taho. Ƙofar da ba ceka ba ta da wannan tsayawar, kana sakinta ta tafi tsakiyar titi.

Injiniya:
Baba a kan wannan akwai dabarar da ƴan Holan suka saba da ita saboda yawan masu keke, direba ya buɗe ƙofa da hannun da yake nesa da ita, mu nan hannun dama kenan, dole jikinka ya juya ka ga abin da yake tahowa kuma hannun ba zai iya wurga ƙofar da nisa ba. Ingila ma sun sa ta a littafin dokokin hanyarsu a 2022.

Mai Siyana:
Tunda an ambaci ƙofar ja, tawa ta hagu wani lokacin tana buɗewa kaɗan ta tsaya cak, musamman a gidan mai. Ita ma cekan ne?

Rewaya:
A'a Alhaji wannan lafiyarta ƙalau, da gangan aka yi. In murfin tanki a buɗe yake akwai abin da yake tare ƙofar ɓangaren don kar ta zo ta murƙushe shi da bakin famfo. Rufe murfin ka gwada. In gilashin ƙofar a sauke yake ma wasu basa yarda su kai ƙarshe, saboda kar yaro ya leƙo da kai ko hannu ƙofa ta datse shi. Ita ƙofar ja ba ta da hannu irin na sauran, wani ɗan makulli ne a ƙasa wajen rola yake kama ta in ta kai ƙarshe, shi zaka tabbatar yana kamawa, in ka ji ƙas to ta zauna, in baka ji ba kar ka bari yara su sauka a gangare.

Malamin Makaranta:
Ni kuma rage buɗewar nake so. Garejin gidan haya ne a matse, duk ranar da yara suka fita sai bakin ƙofa ya daki bango, fentin duk ya ɓare. Wani yace a huda hannun cekan a sa bol a tsakiya ya tsaya a rabi.

Oga Fanel Bita:
Kar a huda Malam, hannun zai raunana ya karye a wurin hujin, kuma bol ba roba gare shi ba duk dukan kan notin ƙofa zai sauka, ka dawo layin Abban Yara. Bangon zaka gyara. Ka buɗe ƙofar a hankali ka ga daidai inda take taɓawa ka yi alama, ka samo tsohuwar katifa ko kafet ko ka tsaga tsohon tiyo ka kafa a tsawon wurin, gaba da baya. Akwai kuma robar da ake sawa a bakin ƙofa ta ƴan kayan ado. Yaran kuma ka sa musu cail lok, ɗan maɓallin nan na gefen ƙofar baya, sai kai ka zagayo ka buɗe musu ta waje.

Injiniya:
Kamfanoni ma sun san da wannan damuwar. Ford sun fito da wata ƴar roba a Focus wajen 2012 da take leƙowa da kanta ta rufe bakin ƙofa in an buɗe, ta koma in an rufe. Wasu manyan motocin Jamus kuma cekansu na mai ne irin shokozoba, ba tudu ba kwari, duk inda ka saki ƙofa nan take tsayawa. Yana da daɗi a wuri matsattse, amma in ya yi yoyo ba a gyara shi sai dai canji kuma kuɗinsa ba na wasa bane.

Malamin Makaranta:
To bari in fara da kafet ɗin, akwai ragowa a gida. Da ƙusar kankare zan kafa ko gam ya isa?

Oga Fanel Bita:
Gam baya riƙe bangon da aka yi wa fenti in zafi ya zo. Sa ƙusa, amma ta sama da ta ƙasa nesa da inda ƙofar take taɓawa, kuma ka ninka kafet ɗin biyu.